Je-ka-ka-dawo daga Ella

Baƙi kan sauko da safe, gashi a jiƙe,
su tare ni tun shayi bai huce ba:
"Mama Kusuma, ina za mu je mu dawo yau-yau
ba tare da ƙafa ta yi ƙorafi ba?"

Sai in goge hannu a gefen zane,
in nuna allon da jikana Nuwan ya cika da alli.
Lokutan jirgi ne, amma kada ku riƙe su da ƙarfi.
Jirginmu dattijo ne, ba ya son a tsaya masa a ka.
In an ce tara, ku ɓare ayaba, ku ƙara kofi.

Ku hau mai hawa tudu, ku sauka Haputale,
awa guda ce, wani lokaci da ɗoriya.
Gonakin shayi za su yi ta bin taga
kamar an taje kan dutse da mataji.
Mata da buhu rataye a goshi
suna tsinkar ganye biyu da toho, ganye biyu da toho.
Mai jan kallabin nan Lecumi ce, ku ɗaga mata hannu.
Ba za ta amsa ba, da kilo ake biyanta.

In da sauran ƙarfi ku zarce Idalgashinna,
inda gajimare ke shigowa tasha ba tikiti,
ya zauna a benci kusa da ku, ya jiƙa muku kafaɗa.
Ku ɗauki rigar sanyi.
Na faɗa, kada a ce ban faɗa ba.

Bandarawela kuwa nan ce da nan,
kasuwa ce kawai: karas, kabeji, laima mai araha.
A hanya wani zai ratso tarago da kwando.
Ku sayi soyayyen wade mai barkono,
zai naɗe muku a takardar jarrabawar wani yaro
da ya ci huɗu cikin goma a lissafi.

Na gangare, mai zuwa Badulla,
shi ma ina faɗa musu, amma a taƙaice,
don wannan nawa ne.
Talatar farko ta kowane wata,
katin asibiti a jaka, ciki babu komai,
saboda za a ɗebi jini a auna suga.

Muna hawa gadar nan mai baka tara
sai ga mutane a ƙasa kamar an watsa gyaɗa,
kowa ya ɗaga waya sama.
Ni ce tsohuwar da ke taga ta uku.
Na je ƙasashen da ban san sunansu ba,
da farin gashina, ban karya ba.

Sai Demodara.
Shekara ashirin da shida Piyasena na taka wannan layi,
doguwar guduma a kafaɗa,
yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana saurare,
kamar mai neman kankanar da ta nuna.
A nan jirgi ke barin tasha, ya kewaye tudu,
ya dawo ya shige ƙarƙashin inda ya baro.
Shi ya nuna mini, shekarar da aka ɗaura mana aure,
yana dariya kamar shi ya haƙa ramin.
Yanzu in duhun ya rufe mu, nakan ji
benci da agogo da mai tuta suna bisa kaina,
da mu biyu, muna jiran jirgi.

Kafin magariba na dawo.
Zannuwan gado na kan igiya, ruwa ya sake wanke su.
Wata yarinya mai kunar rana a hanci
ta miƙo waya: "Mama, dubi, ba ke ba ce?"
Na duba. Ni ce, ido a rufe.
Ta ce, "Tafiyar da sauƙi?"
Na ce da sauƙi, 'yata, zama kawai ake yi.
Sannan na ɗora shinkafa.